Koyar da rubuta manhaja a jami'o'inmu: A kai lacca waya, a bar wa aji aikin hannu

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da sassafe a lokacin da makarantu suke buɗe, zai ga ɗalibai maza da mata suna rububin abin hawa zuwa manyan makarantun da ke jere a kan hanyar Dutsin-ma, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam, da kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kusan kowanensu yana riƙe da waya, amma ƙalilan ne za ka gani rataye da jakar kwamfuta. A cikin waɗannan yara akwai masu karanta kimiyyar kwamfuta, waɗanda iyayensu suka ɗora wa buri mai yawa, domin an ce musu nan ne abincin gobe yake. A kan yadda ake koya wa irin waɗannan ɗalibai rubuta manhaja nake so in yi tsokaci a wannan fili, musamman yanzu da ake ta maganar haɗa karatun aji da na intanet.

Ya kamata in faɗa wa mai karatu tun da wuri cewa ni ba malamin kwamfuta ba ne, fannina kimiyyar harshe. Abin da ya jawo ni cikin wannan batu wani ɗan lamari ne da ya faru a gidana. Ina da tarin rubuce-rubucen Hausa da nake nazari, sai na buƙaci 'yar ƙaramar manhaja da za ta ƙirga mini kalmomin da ke ciki, ta kuma jera su bisa tsarin abacada. Na kira ɗan wani maƙwabcina da ya zo hutu, wanda yake aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a nan Arewa, yaro mai hankali da ladabi, wanda kuma ya ci darasin rubuta manhaja da maki mai kyau. Da na yi masa bayani, nan take ya ɗauki biro ya rubuta mini matakan aikin a takarda, tsaf babu inda zan kushe. Amma da muka zauna gaban kwamfuta ya buga abin da ya rubuta a harshen Python, sai ta maido masa da saƙon kuskure. Ya yi shiru yana kallon allon kamar wanda aka yi wa magana da yaren da bai taɓa ji ba. Laifin kuwa bai wuce ɗigo biyu da ya manta a ƙarshen wani layi ba. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi mu a takarda muke rubutawa, a takarda kuma ake yi mana jarrabawa."

Ban ga laifin yaron nan ba, kuma ban ga laifin malamansa kai tsaye ba, domin ni ma malami ne, na san abin da ake nufi da mutum ɗaya ya tsaya gaban ɗalibai ɗari biyu ko fiye. Malamin da yake da awa biyu a mako, ga taron ɗalibai, ga ɗakin kwamfutar da ba ya ɗaukar ko da rubu'insu, ga rashin wuta, ba shi da wata mafita sai ya koma kan allo da alli. Haka ake ƙare zangon karatu ana bayani a kan rubuta manhaja ba tare da an rubuta ta ba. Ɗalibi ya haddace, ya juye a takardar jarrabawa, ya ci, ya wuce. Ranar da ya je neman aiki aka ajiye masa kwamfuta aka ce bismilla, a ranar ne asirinmu duka yake tonuwa.

Abin da ake kira karatun haɗaka shi ne a raba darasi gida biyu, wani ɓangare ɗalibi ya yi shi shi kaɗai ta waya ko kwamfuta a lokacin da ya ga dama, wani ɓangaren kuma a yi shi ido da ido da malami. Wani salo nasa da ya yi fice shi ne wanda wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara a wata makarantar sakandare a jihar Kolorado ta Amurka a shekarar 2007. Sun riƙa naɗar laccocinsu a bidiyo domin ɗalibai su kalla a gida, sai lokacin aji ya koma na aiki da tambayoyi. Mu a nan Nijeriya ba mu ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i da ya kai har Disamba na wannan shekara, sannan wani ya biyo baya daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Tun daga lokacin kusan kowane taro na shugabannin ilimi sai an ambaci karatu ta intanet. Shirin nan na Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani, wanda aka ƙaddamar a 2023, shi ma a kan wannan tsari aka gina shi, darasi a intanet, aikin gwaji a cibiyoyi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan tsari zai iya fitar da mu daga halin da na bayyana, amma da sharaɗi guda, a san abin da za a tura waya da abin da za a bar wa aji. Bayani, wato lacca, shi ne ya kamata ya koma waya. Ita kuwa haɗuwar malami da ɗalibi, wadda ita ce mafi tsada kuma mafi ƙaranci a cikin abin da muke da shi, kada a ɓata ko minti ɗaya nata wajen karanto abin da ɗalibi zai iya saurara a ɗakinsa. A mayar da ita kacokan ga aikin hannu a gaban kwamfuta.

Dalilina na farko daga fannina na ɗauko shi. Ba a banza ake kiran Python da Java da C harsuna ba. A shekarar 1956 masanin harshe Noam Chomsky ya kasa nau'o'in nahawu zuwa rukuni-rukuni, kuma har yau ɗaliban kwamfuta suna karanta wannan rabe-rabe idan sun zo darasin yadda na'ura take fassara umarni. Hanyar da John Backus ya fito da ita a 1959 ta rubuta nahawun harshen kwamfuta ta zo daidai da ɗaya daga cikin rukunonin nan. Shi kansa Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro harshen Perl a 1987, kimiyyar harshe ya karanta. Haka nan a 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Washington ƙarƙashin jagorancin Chantel Prat sun gwada mutum 36 da ba su taɓa rubuta manhaja ba, suka gano cewa baiwar koyon harshe ta fi ƙwarewa a lissafi nuna wanda zai yi saurin koyon Python. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ba zan ɗora wa binciken kayan da suka fi ƙarfinsa ba, amma ya dace da abin da duk malamin harshe ya sani, cewa ba a iya harshe da jin bayanin nahawunsa. Mutum yakan iya shi ne idan ya furta, ya yi kuskure, aka gyara masa nan take, ya sake furtawa. Mu nawa ne muka shekara shida muna cin jarrabawar Faransanci ko Larabci a makaranta, amma ba za mu iya sayen ruwa da shi a Maraɗi ko Makka ba? Ɗan maƙwabcina ya san nahawun Python, abin da ya rasa shi ne bai taɓa yin hira da kwamfuta ba, balle ya saba da irin amsar da take bayarwa idan an yi mata kuskure.

Dalili na biyu kuwa a gida na same shi. Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa malamanmu na da ba sa tara almajirai su yi musu lacca ta awa biyu su tashi. Almajiri yakan zo da littafinsa ya karanta, malam ya fassara ya gyara masa, ya koma gida ya yi ta bita shi kaɗai ko da abokan karatunsa, gobe ya dawo ya biya, kuma ba a ƙara masa sai an tabbatar ya riƙe na jiya. A makarantar allo ma haka abin yake, kowa da inda allonsa ya tsaya, ga gardawa suna taya malam duba na ƙanana. Ashe raba karatu tsakanin abin da ɗalibi zai yi shi kaɗai da abin da sai a gaban malami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A irin wannan tsari ne ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, wanda ya yi rubutu a kan hanyoyin cika gidajen hatimi da lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Abin da ya tsara matakai ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga sakamako, kuma wannan shi ne ƙashin bayan rubuta manhaja. Da za a ba ɗalibin aji ɗaya aikin mayar da irin wannan hanya zuwa Python, da ya koyi umarnin maimaici, ya kuma san wani abu na tarihin garinsu.

To amma akwai ramuka a hanyar, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Rami na farko shi ne a fake da sunan karatun haɗaka a rage haɗuwar malami da ɗalibi domin a rage kashe kuɗi. Idan aka tura wa ɗalibai bidiyo da takardu a zauren WhatsApp, aka ce a haɗu ranar jarrabawa, ba a haɗa komai ba, an dai yi watsi da su ne cikin ladabi. Waɗanda suka fi mu kayan aiki sun gwada karatun intanet zalla sun ga iyakarsa. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2019 a kan darussan da jami'o'in Harvard da MIT suke bayarwa ga kowa ta intanet ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Mai koyon rubuta manhaja yakan maƙale ne a kan ɗan ƙaramin abu, kamar ɗigo biyun nan, idan kuma babu wanda zai leƙo ta kafaɗarsa ya nuna masa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da ƙwaƙwalwar abin, ya ajiye.

Rami na biyu shi ne a kwaso tsarin da aka yi domin masu wuta da intanet dare da rana a ɗora wa yaranmu. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da yake lissafin kuɗin mota da na abinci tun bayan cire tallafin mai a 2023, ba zai iya zama awa biyu yana kallon lacca kai tsaye ta intanet ba. Idan aka tilasta haka, 'ya'yan masu hali za su wuce, 'ya'yan talakawa da waɗanda suka fito daga ƙauyuka su zauna. Saboda haka a tsara ɓangaren waya tamkar babu intanet. A yi bidiyo gajeru, na minti bakwai zuwa goma, marasa nauyi, kowane a kan batu ɗaya. A ajiye su a wata kwamfuta a sashe inda ɗalibi zai kwafa kyauta, ko a tura daga waya zuwa waya. 'Yan dawunlodin da ke bakin kasuwanninmu sun daɗe suna raba fina-finai da waƙoƙi da wa'azi ta wannan hanya ba tare da kowa ya sayi data ba, babu dalilin da zai sa jami'a ta kasa abin da suka iya. Akwai kuma manhajojin da ke ba mutum damar rubuta Python ya gwada a kan wayar Android, waɗanda za su isa yin ƙananan atisaye kafin ranar shiga ɗakin kwamfuta.

Rami na uku sabo ne. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, ita da ire-irenta suna iya rubuta amsar yawancin aikin gida na aji ɗaya da aji biyu cikin daƙiƙoƙi. Duk malamin da yake ba da maki a kan abin da aka yi a bayan idonsa, ya sani cewa wataƙila na'ura yake yi wa maki. Wannan ma ƙarin hujja ce a kan cewa ba za a iya sallama ɓangaren ido da ido ba. A bar ɗalibi ya yi amfani da duk abin da zai taimake shi a gida, amma makin da zai ɗaga shi ko ya kayar da shi ya fito daga abin da ya yi a gaban malami. A ba shi manhaja mai kuskure ya gyara, ko a ce ya bayyana abin da kowane layi na aikinsa yake yi, ko a sauya tambayar kaɗan a ga yadda zai yi. Jarrabawar rubuta manhaja a takarda zalla kuwa, lokaci ya yi da za a yi bankwana da ita.

Akwai wata dama da wannan tsari ya buɗe wadda nake ganin ba a kula da ita ba, wato harshen bayani. A aji malami yana da baki ɗaya da lokaci ɗaya, dole ya yi Ingilishi domin akwai waɗanda ba sa jin Hausa. Amma bidiyo ana iya yin sa kashi biyu, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Hausa, kowa ya zaɓi wanda ya fi shigarsa. Na san za a ce ai kalmomin harsunan kwamfuta na Ingilishi ne, kuma da Ingilishi za a yi aiki a duniya. Haka ne, kuma ban ce a fassara su ba. Kalmomin da Python ta keɓe wa kanta ba su kai arba'in ba, haddace su ba shi ne wahala ba. Wahalar tana wajen fahimtar tunanin da ke bayansu, kuma yaron da yake kokawa da sabon tunani da baƙon harshe a lokaci guda an ɗora masa kaya biyu. A zaure matani na Larabci ne, bayani na Hausa, kuma wannan bai hana mu fitar da malaman da suka rubuta littattafai da Larabci ba.

Za a kuma ce ina kwamfutocin, ina malaman? Bari mu yi lissafi a kan misali. A ƙaddara aji yana da ɗalibai 200, ɗakin kwamfuta kuma yana da na'urori 25 masu aiki. Idan aka zaunar da ɗalibai biyu a kan kowace na'ura, ɗaya yana bugawa ɗaya yana dubawa suna musanyawa, wanda dama hanya ce da ƙwararru suke amfani da ita a wuraren aiki, za a ɗauki mutum 50 a zama ɗaya. Zama huɗu na awa bibbiyu, wato awa takwas a mako, ya isa kowane ɗalibi ya taɓa kwamfuta duk mako. Malami ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, a nan ne za a koma ga hikimar gardawa, a zaɓi haziƙan ɗaliban aji uku da aji huɗu da masu karatun digiri na biyu su riƙa zagayawa suna taimakawa, a ba su ɗan alawus da takardar shaida. Na'ura 25 kuma ba ta fi ƙarfin sola ba. Abin da ya rage shi ne hukumar jami'a ta yarda cewa naɗar darasi da tsayuwa a ɗakin kwamfuta aiki ne, ta lissafa shi cikin nauyin da ke kan malami da kuma wajen ƙarin girma. Idan ba a yi haka ba, 'yan ƙalilan masu kishi za su fara, su gaji, su bari.

Ƙofar yin wannan gyara a buɗe take. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta gwargwadon buƙatun yankinta. Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da shugabannin sassan kwamfuta da su fara da darasi ɗaya tak, wato darasin farko na rubuta manhaja, su gwada shi shekara guda, su auna sakamakon da na shekarun baya, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ina kira ga asusun TETFund da gwamnatocin jihohi da su riƙa tambaya, kafin a sake gina wani katafaren zauren lacca, ko awa nawa ɗakin kwamfutar da ake da shi yake samun wuta a mako. Jami'o'in da ke Katsina da Dutsin-ma kuma babu abin da zai hana malamansu su haɗa hannu su naɗi darussan sau ɗaya kowa ya amfana, tun da Python ɗin da ake koyarwa a nan ita ce ake koyarwa a can. Iyaye su ma suna da rawar takawa, idan yaro ya kawo sakamako mai kyau, a yaba masa, sannan a ce ya nuna abin da ya rubuta yana aiki.

Shi kuwa ɗan maƙwabcina, mun yi kusan mako uku muna zama bayan sallar isha'i, ni da ɗan abin da na tsinta, shi da nahawun da ya haddace, da rana kuma ya kalli darussa a wayarsa. Manhajar ta tashi, ta ƙirga kalmomin, sai dai da ta zo jerawa ta kwashe duk kalmomin da suka fara da ɓ da ɗ da ƙ ta jefa su can ƙasa bayan z, domin a lissafinta lambobin waɗannan haruffa sun fi na sauran girma. Babu bidiyon da ya kalla da ya taɓo wannan matsala, saboda masu yin su ba su san da ƙ ba. Ya kwana biyu yana fama, a rana ta uku ya zo da murna ya ce ya gane, sai an rubuta wa kwamfuta jerin abacadan Hausa an ce ta bi shi. Yanzu haka da manhajar tasa nake aiki. Akwai dubbai irinsa a jami'o'inmu, waɗanda abin da suke jira bai wuce a zaunar da su gaban na'ura tare da wanda zai duba musu ba. Allah Ya ba shugabanninmu na ilimi ikon yin abin da ya dace, Ya kuma yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.